Isotretinoin: Tarihin Kafson da Ya Kashe Ƙurajen Fuska, Ya Kuma Nakasa Jarirai

A watan Fabrairun 1979, wata mujallar likitoci da ake ji da ita a Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga rahoton wasu marasa lafiya 14. Ƙurajen fuska ne suka kai su asibiti, amma ba irin 'yan ƙananan nan da ke feso wa yaro a goshi lokacin balaga su wuce ba. Nasu manya ne masu zurfi kamar maruru, a fuska da ƙirji da gadon baya. Sukan tara mugunya, su haɗe da juna ta ƙarƙashin fata, su fashe, in sun warke su bar ramuka. An yi musu duk maganin da aka sani, abin ya ci tura. Sai Dokta Gary Peck da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa ta Amurka suka ba su wani sabon kafso na kimanin wata huɗu. Mutum 13 suka warke sarai, ɗayan ma ya samu sauƙi ƙwarai. Abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai shi ne, bayan an daina shan maganin, wata da watanni ƙurajen ba su dawo ba.

Sunan maganin isotretinoin. A Amurka an sayar da shi da sunan Accutane, a Turai kuma Roaccutane.

Sai an duba abin da ake yi wa masu wannan lalura kafin zuwansa ne za a gane dalilin murnar likitoci. Tun zamanin Rumawa ake shafa farar wuta a fata, har yau ma tana cikin wasu sabulai. Daga shekarun 1920 zuwa na 1950 kuwa, likitoci a Amurka da Turai sun riƙa haska fuskokin matasa da hasken na'urar hoton ƙashi domin ya busar da maiƙo. Maiƙon ya bushe. Bayan shekaru ashirin ko talatin sai wasunsu suka fara dawowa da sankarar fata, wasu da sankarar halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Daga nan aka koma kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su tetracycline, mutum ya yi ta sha shekara da shekaru, da ya tsaya ƙuraje su dawo. Sai benzoyl peroxide na shafawa, sannan tretinoin, wanda aka amince da shi a 1971.

Shi ma tretinoin ɗin yana da nasa tabon. Dokta Albert Kligman na Jami'ar Pennsylvania, wanda sunansa ya fi fita a kan maganin, ya shafe daga 1951 zuwa 1974 yana gwaje-gwaje a jikin fursunonin gidan yarin Holmesburg da ke Filadelfiya, mafi yawansu baƙaƙen fata, a kan 'yan kuɗi kaɗan, ba tare da an yi musu cikakken bayanin abin da ake shafa musu ba. Sai a 2022 hukumar birnin ta fito ta nemi gafara, lokacin da da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Tretinoin da isotretinoin 'yan gida ɗaya ne, dukkansu daga bitamin A suka fito, kuma an daɗe da sanin cewa bitamin A in ya yi yawa yana taɓa fata. Mutanen ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya ba sa cin hantar farin beyar, domin wanda ya ci yakan yi ciwon kai da amai, fatarsa ta saluɓe. A ƙarshen 1912, matafiya Douglas Mawson da Xavier Mertz, da abinci ya ƙare musu a yankin Antatika, suka koma cin karnukan da ke ja musu kaya, har da hanta. Mertz ya mutu a hanya. Mawson ya cire takalmi ya tarar fatar tafin ƙafarsa ta ɓare gaba ɗaya, ya mayar da ita ya ɗaure ya ci gaba da tafiya. Masana da dama na ganin yawan bitamin A na hantar ne ya yi musu wannan aika-aika. Akwai kuma wani abu da aka sani wanda ya fi wannan muni: a 1953 Sidney Cohlan ya nuna cewa ɓerayen da aka ɗura wa bitamin A mai yawa suna da ciki sukan haifi 'ya'ya nakasassu.

Wannan sanin ne ya sa Werner Bollag, masanin kamfanin Hoffmann-La Roche da ke Basel a ƙasar Suwizalan, ya ja da baya. Neman maganin sankara yake yi sa'ad da ya lura, wajen 1971, cewa isotretinoin na kashe ƙuraje. Amma a lokacin Turai ba ta farfaɗo daga masifar thalidomide ba, ƙwayar da aka riƙa ba masu juna biyu don laulayi daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961, aka haifi jarirai sama da 10,000 da gajerun hannuwa da ƙafafu, wasu babu su ma sam. Bollag ya ga ba zai yiwu a fito da maganin da ke nakasa tayi don cutar da ba ta kisa ba, kuma wadda 'yan mata masu shekarun haihuwa ke fama da ita. Aka ajiye maganar, har sai da Peck da abokin aikinsa Frank Yoder suka gwada shi a kan wasu cututtukan fata masu sa kaushi da saɓa, suka ga fuskokin masu ƙuraje a cikin majinyatan suna washewa.

Yadda maganin yake aiki ba ɓoyayye ba ne. Lokacin balaga, sinadaran jiki kan zaburar da 'yan jakunkunan da ke samar da maiƙo a gindin gashi. Maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar gashin, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Tsofaffin magunguna kowanne gaɓa ɗaya ko biyu yake kamawa. Isotretinoin kuwa jakunkunan yake tsukewa, maiƙo ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, sauran matsalolin su rasa madogara.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Mayun 1982, cikin ƙasa da shekara guda da miƙa mata takardu, ya shiga kasuwa a watan Satumba. An rubuta a takardar cikin kwali cewa mai juna biyu ba ta sha. Iyakar tsaron ke nan. Likitoci suka yi ta rubuta shi, har ga masu ƙurajen da ba su kai a sha musu irin wannan magani ba. A farkon 1983, Yoder da kansa ya rubuta wasiƙar gargaɗi a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, yana cewa ana wasa da magani mai haɗari. Kafin shekarar ta ƙare, rahotannin jarirai nakasassu sun fara shigowa.

A 1985 Edward Lammer da abokan bincikensa suka bi diddigin ciki 154 da aka sha maganin a cikinsu. An zubar da 95. Guda 12 sun ɓare da kansu. An haifi jarirai 26 ba tare da babbar nakasa ba, an kuma haifi 21 da nakasa mai tsanani: kunne ɗan mitsitsi ko babu shi gaba ɗaya, zuciya mai lahani, ruwa a ƙwaƙwalwa, haɓa da ganda da ba su ƙeru daidai ba. Wasu iyayen kafso kaɗan suka sha kafin su san sun samu ciki. A 1988 wata takarda ta cikin gida da masanan FDA suka rubuta ta fita ga 'yan jarida, tana ƙiyasin cewa jarirai tsakanin 900 zuwa 1,300 ne abin ya shafa. Kamfanin Roche ya musanta adadin. Amma ko nawa ne, ba za a ce abin ya zo ba zato ba. An san haɗarin shekaru kusan talatin kafin a sayar da kafso na farko, aka dogara da layi ɗaya a takarda, kuma wannan sakaci ne da kamfanin da hukumar suka yi tarayya a cikinsa.

Dokokin da ake bi yau, kowacce bayan ɓarna aka kafa ta. A 1988 aka fito da shirin hana ɗaukar ciki: takardar amincewa da mace za ta sa wa hannu, gwajin ciki, da hoton mace mai ciki an ja masa layi a bayan kowane gurbin kafso, ta yadda yatsa ba zai ɓallo ƙwaya ba sai ido ya gani. Bai wadatar ba. Aka ƙara tsaurarawa a 2002, sannan a watan Maris na 2006 aka kafa tsarin iPLEDGE, inda likita da mai sayar da magani da majinyaci duk sai sun yi rajista a kwamfuta. Macen da za ta iya ɗaukar ciki sai ta yi amfani da hanyoyin tazarar haihuwa biyu a lokaci guda ko ta ƙaurace wa saduwa, a gwada ta kowane wata, a ba ta maganin kwana 30 kacal, kuma in kwana bakwai suka wuce bayan gwaji ba ta karɓa ba, sai an sake. Likitoci da majinyata sun sha kuka da wahalar tsarin, kuma duk da haka ana samun masu ɗaukar ciki a kowace shekara.

Sai maganar ciwon damuwa, wadda har yau ba ta mutu ba. Faransa ta sa gargaɗi a kai a 1997, Amurka ta bi a 1998. A shekarar 2000, ɗan wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Michigan, Bart Stupak, ya hallaka kansa yana da shekara 17, a lokacin da yake shan maganin. Uban ya kai batun gaban majalisa, ya yi shekaru yana fafutuka. Manyan bincike da aka yi daga baya a kan dubban mutane ba su nuna cewa masu shan sa sun fi sauran masu ƙuraje shiga damuwa ba, kuma ƙurajen kansu suna jefa matashi cikin ƙunci. Wanda ya ga yarinyar da ta daina fita biki, ko saurayin da ke zama a bayan aji yana rufe fuska da hannu, ya san cewa faɗin "alamar balaga ce, za su wuce" ba ya rage komai. Duk da haka akwai ɗaiɗaikun da halinsu ya canza bayan fara sha, ya kuma daidaita bayan dainawa. Shi ya sa a 2023 Birtaniya ta ce wanda bai kai shekara 18 ba sai ma'aikatan lafiya biyu sun yarda kafin a ba shi, kuma a riƙa tambayarsa halin da zuciyarsa ke ciki.

Roche ya janye Accutane daga kasuwar Amurka a 2009. Ikon mallakarsa ya ƙare tun 2002, wasu kamfanoni na yin mai araha, ga dubban ƙararraki na masu cewa ya jawo musu ciwon hanji. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da wannan zargi ba, kuma a 2018 kotun ƙolin jihar New Jersey ta kawo ƙarshen mafi yawan shari'o'in. Maganin dai yana nan da wasu sunaye a ko'ina a duniya.

Abin da shekaru arba'in suka koya wa likitocin fata shi ne yadda ake zama da shi. Ana auna shi da nauyin jiki, a sha wata huɗu zuwa shida, tare da abinci mai maiƙo domin jiki ya fi karɓarsa. Kusan kowa leɓensa zai bushe ya tsattsage, don haka basilin ko man kaɗanya ba ya barin aljihu. Ido kan bushe, cikin hanci ya bushe har a yi haɓo, gaɓoɓi da tsoka su yi ciwo, rana ta fi ƙona fata, wasu su samu dundumi. A makonnin farko ƙurajen kan ƙara tashi kafin su kwanta, kuma nan ne da yawa ke karaya. Ana gwajin jini don duba hanta da yawan kitse. Ba a haɗa shi da tetracycline ko doxycycline, domin haɗin na iya tara ruwa ya matse ƙwaƙwalwa; ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi alama ce ta a tsaya a koma asibiti. Ba a ƙara shan bitamin A a kansa. Ba a ba da gudummawar jini har sai wata guda ya wuce da gamawa, kada jinin ya faɗa jikin mai juna biyu.

A ƙasar Hausa abin ya fi neman a yi hattara. Wanda ya sha shi a cikin hunturu, bushewa biyu ce ta haɗu masa. Baƙar fata kuma ko ƙurji ya tafi yakan bar baƙin tabo, abin da ke tura 'yan mata wajen mayukan bilicin masu sinadarin steroid, waɗanda su kansu ke haddasa sabbin ƙuraje. Ga al'adar shiga kemis a faɗi sunan magani a miƙo ba tare da takardar likita ba, ga ƙawa ta ba ƙawa ragowar nata. Mafi tayar da hankali ita ce budurwar da aka sa wa rana, tana neman fuska ta yi sumul kafin biki. In ta fara wannan kafso saura 'yan makonni a ɗaura aure, tana iya shiga ɗakin miji ta samu ciki maganin na jikinta, kuma a nan babu kwamfutar da za ta hana a sayar mata.

Iyaye, masu kemis da masu gyaran amare, ku duba kwali: duk inda aka rubuta isotretinoin, kada a sha, kada a sayar, kada a ba wani sai da takardar likitan fata. Mace kuma kada ta fara sai an gwada an tabbatar ba ta da ciki, kuma kada ta ɗauki ciki har sai wata guda ya cika bayan kafso na ƙarshe.