Tseren Taswira: Wasan da Gudu Kaɗai Ba Ya Ci

Tseren taswira, wanda Turawa ke kira oriyantirin, wasa ne da ake ba mutum taswira da kamfas, a sake shi cikin daji ya nemo wuraren da aka yi wa alama, bi da bi. A kowane wuri akwai tuta mai launin fari da ruwan lemo, da na'urar da ke shaida ka iso. Wanda ya gama a mafi ƙarancin lokaci shi ya ci. In ka tsallake tuta ɗaya, to an cire ka, ko da kai ka riga kowa.

Asalinsa horon sojoji ne a Suwidin. An yi gasar farar hula ta farko a Norwe a 1897, aka kafa hukumarsa ta duniya a 1961.

A taswirar, fari yana nufin daji mai sauƙin ratsawa, kore sarƙaƙiya, rawaya fili, shuɗi ruwa. Wanda bai iya karanta wannan ba, ƙafa ba za ta fisshe shi ba. Sauri ya haifi nawa kenan.

Ƙarfin wasan yana hannun kulob-kulob na yanki. Su ke tanadar taswira, su kafa tutoci, su koyar da yara. A Finlan, tun 1949 suke karawa a gasar Jukola: mutum bakwai kowace tawaga, ɗaya ya miƙa wa ɗaya, ana farawa da dare da fitila a goshi.

Ba kowa ke neman kofi ba. Ana raba 'yan wasa bisa shekaru, don haka kaka da jika kan fito rana ɗaya, wani da gudu, wani a hankali.