TUFKA DA WARWARA: TARIHIN ATAMFA, KWASTAN DA MAI SAYE A NIJERIYA

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ya san cewa idan aka zo wajen kawo lefe, marubuci ba ya gajiya da lissafi: akwati kaza, Holan turmi kaza, Ingila kaza, ga leshi ga shadda. Abin da na lura da shi shi ne, da wuya ka ji an ambaci atamfar da aka buga a Kaduna ko Kano a cikin wannan lissafi, alhali kuwa an yi lokacin da ƙasar nan ta kasance cikin manyan masu yin tufafi a Afirka. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu ɗan ajiye labarin soyayya a yau, mu bi sawun zanin da ke jikin iyayenmu mata, mu ga yadda dokokin gwamnati kan cinikin ƙasa da ƙasa suka yi ta juya shi, da kuma abin da ya sami mai saye a tsakani.

Bari mu fara da tushe. A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu ta yamma, ya kuma ƙiyasta kuɗin wannan ciniki da wuri miliyan 300 a shekara. Manomi ya noma auduga, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ya yi ƙyalli, Buzu ya zo daga Azbin ya sayi turkuɗi. Amma ko a wancan lokaci Barth ya tarar da yadin Manchester a kasuwar Kano, wanda aka ƙetaro Sahara da shi a kan raƙuma. Wato dai gogayya da kayan waje ta girmi kakanninmu.

Da Turawa suka ci ƙasar, burinsu a fili yake: a fitar da auduga ɗanya zuwa masaƙun Ingila, a dawo mana da yadi. Don haka aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, kuma wannan buri na cikin dalilan jawo layin dogo da ya iso Kano a 1911. Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba, domin masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma mata. Wani abin lura ya faru a 1934. A lokacin yadin Japan ya fara cika kasuwannin Afirka ta Yamma saboda arha, talaka yana samun abin rufe jiki da ɗan kuɗi kaɗan. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta ƙayyade yawan yadin Japan da za a iya shigowa da shi. An yi dokar ne don ceton masaƙun Lancashire, wanda ya biya kuɗin ceton kuwa shi ne mai saye a Kano da Zariya da Katsina. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da irinsa.

Gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta yi tunanin cewa wanda ya noma auduga ya kamata ya saƙa abarsa. Aka haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar KTL a Kaduna, ta fara aiki a 1957. Bayanta sai masaƙar Arewa, wadda aka yi da haɗin gwiwar kamfanonin Japan, sai UNTL a 1964, ta attajirin nan na Hong Kong, Cha Chi Ming. Unguwar Kakuri ta zama gari guda. Kano ma ta samu nata masaƙun a Bompai da Sharaɗa da Challawa, haka Gusau da Funtuwa, ban da na Ikko. A tsakiyar shekarun 1970, zamanin mulkin soja, gwamnati ta hana shigo da yadi daga waje ɗungurungum. A ƙarƙashin inuwar wannan hani masana'antar ta bunƙasa. Ƙididdigar da masu masaƙu suka saba bayarwa ita ce, a shekarun 1980 akwai masaƙu kusan 175 a ƙasar, ma'aikata kuwa sun haura dubu ɗari, ban da manoman auduga da ma'aikatan gidajen gurza da direbobi da masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta yi ƙarfin da har ta fitar da mutum irin Adams Oshiomhole, wanda a masaƙar Arewa ya fara aiki.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Hanin bai hana mata son Holan ba. Atamfar kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846, ta riga ta zama ma'aunin daraja a ɗakin amarya. Tunda ba za ta shigo ta tashar Ikko ba, sai ta sauka a Kwatano ko Lome, a ɗauko ta zuwa Jamhuriyar Nijar a matsayin kayan wucewa, ta kwana a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, da dare ta tsallako ta Jibiya ko Illela, gari na wayewa tana Kantin Kwari. Gwamnatocin Binin da Nijar suna karɓar harajinsu na wucewa, 'yan fasa-ƙwauri suna cin ribarsu, wasu jami'an kan iyaka suna samun na goro, baitulmalin Nijeriya bai ga ko kwabo ba. Mai saye kuma shi ke biyan kuɗin dukkan waɗannan hannuwa a cikin farashin turmi ɗaya.

Daga 1986 abubuwa suka fara sauyawa. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, aka rushe hukumar cinikin auduga wadda a da ita ke raba iri da tantance ingancin abin da aka noma. Faɗuwar naira ta tsadar da kayan gyaran injuna da sinadaran rini, amma ta wani ɓangaren ta sa atamfar Nijeriya ta yi arha a ƙasashen da ke amfani da sefa, har fatake suka riƙa kwasarta zuwa Nijar da Kamaru da Chadi. Wannan kasuwa ta samu tawaya a watan Janairun 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi. A ranar 1 ga Janairun 1995 Nijeriya ta zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, sannan a 1997 gwamnatin Janar Abacha ta ɗage hanin shigo da yadi. An buɗe ƙofa ke nan a daidai lokacin da masaƙunmu ke fama da rashin wutar NEPA, da tsadar baƙin man da suke hura tukunyar tururi da shi, da tsofaffin injuna, da audugar da ake ɗurawa a buhunan roba, zaren robar ya cakuɗe da ita ya ƙi karɓar rini.

Ana cikin haka sai ga Sin. Ta shiga WTO a watan Disambar 2001, kuma a farkon 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya. Masaƙun Sin suka ƙware wajen kwaikwayon zanen atamfa. Sabon zane zai fito a Kaduna ko Ikko, a aika samfurinsa can, ba da jimawa ba ya dawo cikin kwantena a farashin da bai kai kuɗin da masaƙar gida ta kashe ba. Kuma a faɗi gaskiya, 'yan kasuwarmu ne suka fara kai samfurin da hannunsu, kafin daga baya 'yan Sin ɗin su biyo sawu su kama shaguna da ɗakunan ajiya a Kano. Gwamnatin Obasanjo ta mayar da hanin atamfa a 2002, ta faɗaɗa shi a 2004, amma an riga an makara. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Wanda ya san Kakuri a lokacin da ake busa jiniyar canjin aiki, kekuna su cika titi, idan ya bi ta wurin bayan haka sai ya ji ƙwalla ta zo masa.

Abin da ya biyo baya shi ne na kira tufka da warwara. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, har UNTL ta sake buɗewa a 2010, amma a wannan shekarar aka cire wasu nau'o'in yadi daga jerin haramtattun kaya. A 2012 jami'an shige da fice suka kama 'yan kasuwar Sin a Kantin Kwari. A 2015 marinan Kano suka yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki kan cewa rinannen yadin Sin ya kashe masu sana'a. A shekarar dai aka ɗage sauran hanin, sai kuma Babban Banki ya sa yadi cikin kaya 41 da ya daina bai wa masu shigo da su dala. A watan Yulin 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wata guda bayan haka ya rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. A Oktoban 2023 Babban Banki ya janye hanin dalar. Ina mai hankalin da zai zuba biliyoyinsa a masaƙa alhali bai san dokar da za ta wayi gari gobe ba?

Yanzu mu zo kan mai saye, wanda shi ne ba a cika tunawa da shi ba a wannan muhawara. Ba zan ɓoye ba, atamfar Sin ta rufa wa talaka asiri. Matar da a da sai sallah take ganin sabon zani, ta samu halin yin anko da canza kaya. Duk wanda ke kiran a rufe ƙofa ya kamata ya dubi idon wannan mata ya gaya mata nawa za ta riƙa biya. Arha ba laifi ba ce, mai sayen ta ya san abin da ya saya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Inda zaluncin yake shi ne ƙarya. Ana buga wa atamfar roba tambarin Holan, ko a rubuta a bakin zanin cewa a Nijeriya aka yi ta, a sayar da ita da kuɗin ta gaske. Na ga yadda wata gwaggona ta tara kuɗin adashi ta sayi turmi biyu a wani shago don lefen ɗanta, aka rantse mata cewa na asali ne, wankin farko ruwan ya koma kalar zanin. Da ta mayar, mai shagon ya ce shi ma haka aka sayar masa, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Shi ya sa iyayenmu mata suka zama hukumar kansu: a juya ciki da bai a ga ko launin ɗaya ne, a shinshina, a murza da jiƙaƙƙen ƙyalle. Hatta sunayen ma sun daina nuna asali, domin atamfar ABC da muke kira Ingila an mayar da buga ta Akosombo ta ƙasar Ghana tun shekarun 2000.

A takarda, akwai masu kare wannan gwaggo tawa. An kafa hukumar kula da ingancin kaya ta SON a 1971, ta kuma fito da tsarin tantance kayan waje tun kafin a loda su a 2005. An yi dokar kare haƙƙin masu saye a 1992, aka maye gurbinta da sabuwa wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta haifar da hukumar FCCPC. Amma ga inda matsalar take a ganina. Kayan da aka haramta, sannan suka shigo ta ɓarauniyar hanya, ba su da uba. Babu takardar kwastan, babu sunan wanda ya shigo da su, babu wanda ya auna ingancinsu, saboda a hukumance ma ba su shigo ba. Wa za ka kai ƙara? Ashe ke nan hanin da ba a iya tsare shi ba ya cutar da kowa: bai ceci ma'aikacin Kakuri ba, ya hana gwamnati haraji, ya kuma bar mai saye ba shi da wurin kai kuka.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, masaƙa tana rayuwa ne da wuta mai ɗorewa, da auduga mai kyau, da bashi mai sauƙi, da dokar da za ta yi shekara goma ba a taɓa ta ba. Haraji matsakaici wanda ɗan kasuwa zai gwammace ya biya a tashar jirgin ruwa ya fi hanin da zai tura shi daji. Sannan a tilasta rubuta gaskiya a bakin kowane turmi: inda aka yi shi, da ko auduga ce ko roba, da sunan wanda ya shigo da shi, a kuma hukunta mai tambarin ƙarya a bainar jama'a. Mu ma masu saye mu koyi karɓar rasit, domin da shi ake shigar da ƙara. Idan aka yi haka, mai son Holan ya sayi Holan, mai ƙaramin ƙarfi ya sayi daidai aljihunsa, kowa da saninsa.

Allah Ya jiƙan ma'aikatan masaƙun da suka riga mu gidan gaskiya suna jiran haƙƙinsu, Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa kan magana ɗaya. Mu kwana nan.