Maganar Hannu Ta Girmi Makarantar Kurame

Tun kafin a gina ajin kurame na farko a ƙasar Hausa, kurame suna da harshensu, domin kurumta ba baƙuwa ba ce a nan. Ƙasar tana cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa da rani, daga Senegal har Habasha, kuma cikin yaran da suka tsira daga gare shi akwai masu tashi babu ji. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya. Ga ƙyanda, ga hangum, ga kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni ana ta ɗiga masa mai a gida. Inda kurame suka yawaita haka ba za a zauna shiru ba. Maganar hannu ta tsiro a kasuwa da gona da dandali, manya na koya wa ƙanana, masu ji ma suna ciniki da ita.

Makaranta daga baya ta zo, kuma da nata harshen ta zo. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka, kurma kuma mai wa'azin Kirista, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, yana koyarwa da alamomin ƙasarsu. Waɗannan alamomin ne suka bi malamai har Arewa, inda aka kafa makarantar Tudun Maliki a Kano a 1977. Alherin wannan aiki ba ya musantuwa, don ya ba dubban yara karatu da rubutu. Sai dai ya sa an ɗauki hannun gida a matsayin nune-nune kawai, yaro ya dawo hutu da alamomin da mahaifiyarsa ba ta sani ba. Binciken da Constanze Schmaling ta yi a Kano, wanda ya fito a 2000, ya nuna maganar hannu harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa.

Wani zai ce alamomin makaranta ne ke kai yaro jarrabawa da jami'a. Haka ne, amma yaron Bahaushe mai ji ba a hana shi Hausa don zai koyi Turanci; da ita yake fara tunani. Wani kuma zai ce rigakafi ya fi, tunda allurar sanƙarau ta MenAfriVac da ta shigo Nijar a 2010 da Nijeriya a 2011 ta karya lagon nau'in da ya fi ɓarna. A yi rigakafin, a kai kunne mai ruwa asibiti da wuri. Amma allura ba ta mayar da jin da ya tafi, kuma shekarun farko da yaro ya yi babu harshe da wuya a rama su. Iyaye, duk wanda ya lura ɗansa ba ya waiwayowa in an kira shi, ya kai shi a duba kunnen, ya kuma fara yi masa magana da hannu tun ranar.