Renon Dukushi a Ƙasar Hausa da Barno a Zamanin Da

Duk wanda ya duba tarihin sarakunan Hausa da na Barno zai tarar marubuta sun ƙure himma wajen lissafin dawakin da kowane sarki ya fita da su yaƙi, da sunayen baraden da suka yi fice a kansu, alhali kuwa da ƙyar za ka ga an ɓata tawada a kan mutumin da ya kwana a gindin goɗiya daren da za ta haihu, ko yaron da ya fara ɗora ƙafa a bayan dukushi, ko bawan da ya ƙare rayuwarsa yana yankan ciyawa yana share barga. Ga shi kuwa ingarman nan da ake yi wa kirari a ƙofar fada galibi ɗan ƙauye ne, ya yi shekara biyu ko uku a hannun talakawa da makiyaya kafin ya san nauyin sirdi, kuma abin da suka dasa masa a wannan lokaci, na kirki ko na banza, shi zai bi shi har tsufansa.

Dokin da ƙasashen nan suka fara sani shi ne kuru, gajere mai juriya, irin wanda Birom da maƙwabtansu na duwatsun Jos suka daɗe suna hawa ba sirdi ba likkafa. Manyan dawaki baƙi ne, ta hanya biyu suka shigo: wasu suka ƙetaro Sahara daga Magrib tare da ayarin fatake, wasu kuma, irin na Dongola masu tsawon ƙafa da gantsararren hanci, suka biyo ta gabas, ta Darfur da Wadai, har suka iso bakin tafkin Cadi. Hasan al-Wazzan, wanda ya rubuta labarin ƙasashen Afirka a farkon ƙarni na 16, ya ambata cewa Sarkin Barno yakan ba fataken arewa bayi 15 ko 20 a kan doki guda, kuma sai su zauna jira har ya komo daga hari kafin a biya su. Ciniki mai irin wannan tsada ba ya ɗorewa ga mai hankali, saboda haka tilas ta sa aka koma ga neman iri a gida, ana haɗa baƙon ingarma da goɗiyar ƙasa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma yakan aika wa Kwararrafa dawaki su kuwa su aiko masa da bayi. Abu biyu ake fahimta daga wannan ruwaya: na ɗaya, lifidi ba kayan kuru ba ne, sai doki mai ƙashi da faɗin ƙirji, na biyu, Kano ta riga ta sami dawakin da suka ishe ta har da na fitarwa. Da aka zo zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, sai aka fara al'adar dawakin zage, waɗanda ake ja ba kowa a kansu, har ya zamana Sarki Kutumbi, a ƙarni na 17, idan ya fita yaƙi ko hawan salla dawakin zage 100 ke biye da shi.

Dalilin da ya sa reno ya zama aikin ƙauye yana cikin al'adar manyanmu. Basarake ko attajiri ba ya hawan goɗiya, yana ganin haka ƙasƙanci ne, kuma ba a cika yi wa doki dandaƙa ba, don haka bargar birni ta maza ce zalla, kowanne a turkensa, nesa da ɗan'uwansa don kada su yi cizo da harbi. Goɗiyoyi kuwa suna can karkara, inda akwai fadama da kiwo, a hannun Larabawan Shuwa a Barno, da mutanen Mandara, da Fulani Sulluɓawa a tsakanin Katsina da Sakkwato, da manoman Gobir da Adar da Zabarma, da Buzayen Azbin, waɗanda dokinsu na dutsen Bagazam ya yi suna ƙwarai wajen haƙurin ƙishirwa, har ana ba dukushinsa nonon raƙuma. Duk waɗannan wurare arewa suke, inda ƙasa ke da rairayi da bushewa, kofato ba ya ruɓewa, tsando kuma ba ya kaiwa.

Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, ta haifi ɗa guda, wanda kan miƙe da ƙafarsa ya kama nono tun ranar bai kwana ba. Mai ita ba ya gaggawar yaye shi, domin ya san nonon watannin farko shi ne ƙashi, kuma inda akwai shanu akan ƙara masa da madararsu a ƙwarya. Tarbiyyarsa tana farawa tun yana bin uwarsa rafi, ba tare da ya san ana yi masa ita ba: yara su shafa masa wuya, su ɗaga masa ƙafa, su rataya masa ragama su cire, har hannun ɗan Adam ya daina ba shi tsoro, daga nan a koya masa dabaibayi, sannan turke, wanda shi ne darasi mafi ɗaci ga dabbar da Allah ya halitta don gudu. Abincinsa kuwa shi ne babban nauyin gida. Tun da kaka ake ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ɗora bisa rufi ko reshen itace, a tara ingirici, domin rani mai tsawo ne. Ga dusa, ga gero ko dawa safe da yamma, ga kanwa da fatake ke kawowa daga ƙasar Manga da gefen Cadi, wadda akan jiƙa a ruwan sha don ta wanke ciki. Da damina kuma sai a riƙa tayar da hayaƙi a barga da magariba. Mutanen zamanin da sun lura cewa ciwon da ke kashe dawaki farat ɗaya a ƙarshen damina yana tare da ƙwarin dare, tun kafin likitocin dabbobi su tabbatar cewa cizon ƙyashi ke yaɗa shi. Idan kumburi ya fito a gaɓa, maganinsa sakiya ko lalas, abin da ya sa tsofaffin dawaki da yawa ke ɗauke da tabon wuta.

Idan dukushi ya kusa shekara biyu, sai a nemi yaro marar nauyi ya riƙa ɗare masa baya ba sirdi, ragama kaɗai a hannunsa, ya kai shi shan ruwa ya komo, kullum a hanya ɗaya, har ya saba da umarni daga sama. Masana suna duban baki kafin su ƙara masa aiki, gama a wajen shekara biyu da rabi yake famfarar haƙoran gaba, ba ya kuma cika baki sai ya kai biyar. Wanda aka ɗora wa ƙato da sirdi kafin bayansa ya yi ƙwari, to, an gama da shi, ko da ba a gani ba sai daga baya. A nan ne dillalai ke cin kasuwarsu, a Kurmi ta Kano ko a kasuwar Litinin ta Kukawa, inda kowane dukushi ɗan asali ne a bakin mai sayarwa, shi ya sa Hausawa suka ce dokin mai baki ya fi gudu. Mai saye na ƙwarai ba ya sauraron kirari, sai ya buɗe baki, ya latsa baya, ya sa a yi sukuwa a gabansa ya ji numfashi, sa'an nan ya dubi launi, ko kili ne ko akawal ko danda, domin akwai camfe-camfe masu yawa game da fari a goshi da a ƙafafu.

Horon ƙarshe a birni ake yinsa, a ƙarƙashin Shamaki, wanda amanar bargar sarki ke hannunsa. A nan doki ke gamuwa da linzamin ƙarfe mai zobe da ke kewaye haɓa, da sirdi mai tudu gaba da baya, da likkafa mai faɗi, da ƙaimi. Ana fita da shi kilisa da sassafe da la'asar, a ratsa da shi kasuwa, a tsai da shi kusa da tambura da kakaki, daga baya har da ƙarar bindiga, a ɗora masa lifidi kaɗan kaɗan har ya daina firgita da shi. Abin da aka fi nema gare shi shi ne ya fita a guje daga tsaye, ya kuma tsaya cak a tsakiyar sukuwa, ya zauna bisa ƙafafun baya, wato abin da muke gani a jahi. A ganina an wuce haddi a wajen linzamin nan, domin abin da haƙurin wata shida zai bayar, shi yana ƙwato shi a kwana kaɗan da jinin baki, kuma dokin da bakinsa ya mutu ba ya sake jin hannu mai taushi. Malamanmu da ke karantar da Muwaɗɗa sun san babin da ya zo da labarin tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya a Madina, inda aka ba dawakin da aka yi wa tadmiri zango mai nisa, waɗanda ba a yi wa ba kuwa aka ba su gajere. Tadmiri kuwa shi ne a ƙosar da doki, sa'an nan a rage masa abinci a lulluɓe shi ya yi gumi, har kitse ya narke ƙarfi ya saura. Shari'a ma ta san wahalar mai doki: a mazhabar Malik ba a fitar masa da zakka, kuma ranar rabon ganima mahayi yana da kaso uku, ɗaya nasa biyu na dokinsa, alhali dakare yana da ɗaya.

Doki guda yana buƙatar mai yankan ciyawa da mai ɗebo ruwa da hatsin da zai ci da mutum fiye da ɗaya, don haka ba kowa ke iya riƙe shi ba, kuma kyautarsa ta zama igiyar da sarki ke ɗaure barorinsa da ita: wanda aka ba doki da sirdi ya san ranar da aka buga tambari ba shi da uzuri. Kudu kuwa kasuwa ce da ba ta ƙoshi. Daular Oyo ta kafa ƙarfinta a kan dawakin da take saye daga arewa ta hanyar Nufe, amma sammore ba ya barin su su hayayyafa, sai dai a yi ta sayen sababbi, kuma galibin masu kula da su 'yan arewa ne. Rundunar dawakin Ilori ma, da ta matsa bakin kurmi, a Oshogbo mutanen Ibadan suka karya ta wajen 1840.

Ranar yaƙin Tabkin Kwatto, a 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki sai kamar 20, bisa ga abin da Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri, kuma da kibiya suka kori 'yan lifidin Sarkin Gobir Yunfa; amma da daula ta kafu sai ta koma ga doki kamar waɗanda ta gada, har dawaki suka shiga cikin gaisuwar da sarakunan tuta ke aikawa Sakkwato kowace shekara. Wannan zamani ya ƙare a 1903, sa'ad da baraden Kano suka yi ta afka wa wata ƙaramar rundunar Turawa a kusa da Kwatarkwashi, harsashi yana zubar da su kafin mashi ya isa, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a nan. Bayan haka jirgin ƙasa ya iso Kano, mota ta biyo baya, hakimi ya daina auna darajarsa da yawan turaku kaɗai. Abin da ya riƙe sana'ar shi ne hawan salla da hawan daba, irin wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, sai kuma sukuwa da ƙwallon doki, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓa hannu biyu, ɗansa Usman Nagogo kuma ya shahara a kansa. Ƙwallon doki yana son dabba mai saurin juyi da laushin baki, sukuwa tana son dogon numfashi, saboda haka masu hali suka juya ga sayo dawaki daga Cadi da Sudan, daga baya har da Ajantina, goɗiyar ƙauye kuwa ta ragu a gidajen manoma, domin kuɗin hatsinta ya fi abin da dukushinta zai kawo.