Yadda Tsoron Yaƙi Ya Tara Mulki A Hannun Ahijo

Masu saurarona a Garwa sun sha tambayata yadda aka yi Ahmadu Ahijo, ɗan garinmu wanda ya fara aiki a gidan waya, ya riƙe Kamaru shi kaɗai har shekara 22. Amsar da nakan bayar ita ce, kisa da yaƙi ne suka share masa hanya, kamar yadda suka taɓa yi wa wani a ƙasar Rum.

A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu 'yan majalisar dattawan Rum suka daddaɓa wa Yuliyus Kaisar wuƙa, wai don su hana shi zama sarki. Sai ga yaƙin basasa na shekara 13. Da Oktabiyan ya ci Antoni a Aktiyum, jama'a sun riga sun gaji da jini. A shekara ta 27 majalisar nan da kanta ta ba shi laƙabin Ogustus, ya bar mata suna ya riƙe iko. Gudun gara, aka faɗa gidan zago.

A Kamaru kuwa, 'yan adawa aka kashe. Faransa ta haramta jam'iyyar UPC a 1955, magoya bayanta suka shiga daji a kudu. Ahijo ya zama firaminista a Fabrairun 1958, ran 13 ga Satumba kuma sojoji suka harbe jagoran UPC, Ruben Um Nyobe, a dajin Sanaga. A 1960, shekarar 'yancin kai, wani ɗan leƙen asirin Faransa ya sa wa Felix Moumie guba a Jeniba. Manyan da za su iya ja da Ahijo suka kau, yaƙin kuma ya ci gaba a ƙasar Bamileke.

Wannan yaƙi ya zama hujjar komai. Tun a Oktoban 1959 majalisa ta ba Ahijo ikon kafa doka ba sai ya koma gare ta ba. A Maris ɗin 1962 ya fito da dokar hana tada zaune tsaye, wadda da ita aka ɗaure Andre-Marie Mbida, firaministan da ya gada. Kurkukun Cholire da ke nan arewa ya zama wurin ajiye masu bakin magana. A 1966 aka narkar da jam'iyyu cikin UNC guda ɗaya. An harbe Ernest Ouandie a Bafusam a Janairun 1971, yaƙi ya mutu, amma ikon da aka bayar saboda yaƙin bai dawo ba. A 1972 ma aka rushe tarayyar ƙasar.

Na san mutanenmu suna tuna Ahijo da filin jirgin sama da masana'antun da ya kawo Garwa, kuma ba laifi. Sai dai tsarin da ya gina bai ƙyale shi ba. Ya miƙa wa Paul Biya mulki a Nuwamban 1982, suka saɓa, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan. Ya rasu a Dakar a 1989, can kabarinsa yake har yau. Dokar 1962 kuwa ba a soke ta ba sai a 1990.