Tarihin Ma'aunin Ƙananan Sojojin Wasan Yaƙi

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji, a maimaita wani yaƙi na tarihi bisa ƙa'idoji. Girman sojojin, wanda ake aunawa da milimita, ya yi ta sauyawa gwargwadon abin da ake ƙera su da shi, da tsadarsu, da filin da ake baza su.

Asalin wasan daga Jamus yake. A 1824 Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furusiya wasan horar da hafsoshi, inda gutsattsarin ƙarfe ke wakiltar dakaru a kan taswira. A tsakiyar ƙarni na 19 kuma, gidan ƙira na Heinrichsen a birnin Nuremberg ya daidaita sojojinsa na kuza, masu faɗi ba kauri, a kan kimanin milimita 30.

A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da sojan dalma mai rami a ciki. Dalmar da yake ci kaɗan ce, shi ya sa ya yi araha, tsayinsa kuma milimita 54. Da irin waɗannan ne H. G. Wells ya tsara dokokin littafinsa Little Wars a 1913. A daɓen ɗaki ake wasan, ana harbi da ƴar igwa mai jefa guntun katako.

Da wasan ya hau tebur bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai sojojin suka ƙanƙance. Kamfanin Airfix ya cika kasuwa da na roba masu kimanin milimita 20, maƙeran ƙarfe suka bi da 25, sannan 15 a shekarun 1970. Daga baya masu sassaƙa suka riƙa ƙara wa na 25 jiki don fuska da sutura su fito sosai, har ya koma 28. Wasu suna aunawa daga tafin ƙafa zuwa ido, tun da hula ko rawani kan ɓoye tsakar ka. Wasu kuwa har zuwa ƙoƙon kai. Saboda haka sojoji biyu masu lamba ɗaya ba lalle su zo kai ɗaya ba.

Yaƙe-yaƙen mulkin mallaka sun fi karɓar manyan ma'aunai, domin rundunonin Turawa a Afirka ba su da yawa. Sojojin da Kanar Morland ya ci Kano da su a 1903 ba su kai dubu ba, ayarin Voulet da Chanoine da ya gwabza da Sarauniya a Lugu a 1899 ma sojojinsa ɗaruruwa ne. Dokokin The Sword and the Flame na Larry Brom, na 1979, sun tsara dakarun ƙasa ashirin-ashirin. A ma'aunin 28 ana iya fitar da jar hular sojan Faransa, da lifidin dokin barde, da takobi da garkuwar fata irin na Abzinawan Tagazar, yankin Baleyara, da mashin mahayan Kurfai. A na 15 kuwa sai dai launi ya bambanta su, amma tebur ɗaya kan ɗauki ɗaruruwan mahaya.

Ma'aunin soja dabam yake da na fili. Sojan milimita 28 kusan kashi ɗaya ne cikin 56 na mutum. Da za a bi wannan lissafi, bindiga mai cin mita 500 za ta buƙaci tebur na kusan mita 9, alhali tebur na yau da kullum santimita 180 ne a tsayi, 120 a faɗi. Don haka dokokin wasa sukan taƙaita zangon harsashi, ko su ce mutum-mutumi ɗaya yana wakiltar mayaƙa goma ko ashirin.