Daga Kufan Rum Zuwa Kufan 'Yandoto

 Yau ina so ne in ba ku labarin wasu mutum biyu da suka taɓa yi mini jagora a cikin kufai, ɗaya Bature a ƙasar Italiya, ɗaya kuma dattijo a nan kusa da gida. Na farkon kuɗi masu kauri na biya shi, na biyun kuwa goro na miƙa masa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma har gobe bashin na biyun ne yake ci mini rai.

Ni mutumin Funtua ne, malamin gona. A shekarar 2007 Allah ya nufe ni da zuwa birnin Rum, wani taro a hedkwatar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Ginin hukumar yana daf da wani dogon fili inda Rumawan da suke tseren keken doki. Ranar da aka tashi taro, ni da wani abokina muka ce ai abin kunya ne mu koma gida a ce mun je Rum ba mu ga komai ba sai tebur da takarda. A masaukinmu aka haɗa mu da ɗan jagora, ba irin wanda ke jan zugar mutum talatin yana ɗaga 'yar tuta ba, a'a, namu ne mu kaɗai na yini guda. Da ya faɗi kuɗinsa sai da na yi lissafi a zuci, na ga sun isa su saya mini buhunan taki a kasuwar Funtua. Na dai daure na biya.

Ya fara da mu daga Kolosiyam, katafaren gidan kallon nan da kuke gani a hotuna. Sarki Besfasiyan ne ya fara gina shi wajen shekara ta 72 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ɗansa Taitus ya buɗe shi a shekara ta 80, kuma yana ɗaukar kimanin mutum 50,000. Da ni kaɗai na shiga, da abin da zan gani bai wuce tulin duwatsu ba. Amma mutumin nan sai ya nuna mana lungunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare namun daji kafin a sako su. Ya nuna mana ramukan da ke jikin bango, ya ce gurbin ƙarfe ne da ke riƙe da duwatsun, mutanen baya suka ƙwaƙule suka kai maƙera. Ya ce girgizar ƙasa ta 1349 ce ta zubar da ɓangaren kudu, daga nan masu hali suka yi ta jidar duwatsun suna gina gidajensu da majami'u, har sai da Paparoma Benedik na 14 ya keɓe wurin a 1749.

Daga nan muka gangara tsohon dandalin birnin, wanda suke kira Forom, inda majalisa da kasuwa da ɗakunan bautarsu suke. A bakinsa akwai wata babbar ƙofa ta tunawa da Taitus, an sassaƙa sojojin Rum a jikinta suna ɗauke da ganimar da suka kwaso daga Baitul Maƙdis a shekara ta 70. Ɗan jagoran ya ce mu lura, wanda ya ci yaƙi shi ya sassaƙa wannan, wanda aka ci ba a tambaye shi ba.

A nan ne na yi suɓul da baka. Na ce masa su dai sun yi sa'a, kakanninsu da dutse suka yi gini, mu kuwa namu da laka suka yi, damina goma ta isa ta shafe gari. Ya yi murmushi, ya zaro wani tsohon zane daga jakarsa. Wurin da muke tsaye ne, amma ƙasa ta binne ginshiƙan kusan rabi, ga shanu suna kiwo a tsakani. Ya ce shekaru ɗaruruwa mutanen Rum ba su san wurin da wani suna ba sai filin shanu. Birnin da ya taɓa ɗaukar wajen mutum miliyan guda ya koma 'yan dubbai, ana ƙona sassaƙaƙƙun duwatsu ana yin farar ƙasa da su. Sai a 1803 wani masani mai suna Karlo Feya ya fara kwashe ƙasa daga gindin ƙofar Sarki Seberus, wanda haifaffen Libiya ne. Wato dutsen bai tsare kansa ba, mutane ne suka waiwaye shi.

Da za mu rabu ya tambaye ni, idan ya zo ƙasarmu wane kufai zan kai shi? Na ce akwai hasumiyar Gobarau a Katsina, akwai ganuwar Kano. Ya ce to a kusa da garinku fa? Mai karatu, wallahi shiru na yi.

Wannan shirun shi ya sa da na dawo na nemi littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. A nan na gane cewa wannan yanki namu na kudancin Katsina, da muke ɗauka gonar masara da auduga ce kawai, cike yake da tsofaffin garuruwa. Ga Maska a bayan Funtua, ga Gozaki a ƙasar Kafur kusa da Malumfashi. Funtua kanta jirgin ƙasa da cinikin auduga ne suka ɗaga ta a zamanin Turawa, shi ya sa hakiminta yake amsa sarautar Sarkin Maska, sunan tsohon gari ya biyo sabo. Amma garin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'Yandoto. A yau tana cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe ta Jihar Zamfara, amma a da ƙasar Katsina ce, kuma sunanta ya zama sarauta kamar na Maska, domin Sarkin Tsafe 'Yandoton Tsafe ake ce masa.

Abu biyu suka ɗaukaka 'Yandoto. Na farko, daga can ne labarin baka ya ce Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau a kokawa, ya kashe shi, ya karɓe sarautar Katsina daga hannun Durɓawa a ƙarni na 15. Har yau fadar Katsina Gidan Korau ake kiranta, kuma takobin nan Gajere yana cikin kayan sarauta. Na biyu kuwa, garin malamai ne da fatake. Masana suna danganta shi da Wangarawa, 'yan kasuwa kuma malamai da suka fito daga wajen ƙasar Mali, kuma ɗalibai sukan taso daga nesa su zo ɗaukar karatu.

Da ranin 2008 na kama hanyar Gusau, na wuce Mairuwa da Sheme da Yankara, na shiga Tsafe, na ɗan ƙara gaba. Babu ofishin sayar da tikiti, babu allo, babu mai jaka da zane. Na yi sallama a wata majalisa na faɗi abin da ke tafe da ni, aka dubi juna, sannan aka tura yaro ya kira wani dattijo. Ya zo yana dogara sanda, muka gaisa, ya ce, "Ɗana, daga gwamnati kake?" Na ce, "A'a Baba, tambaya ce kawai ta kawo ni." Ya ce, "To madalla, mu tafi tun rana ba ta yi ba."

Muka ratsa gonaki an riga an cire amfani, sai karan dawa. Ni da nake malamin gona, abin da idona ya fara gani shi ne kyan ƙasar. Shi kuwa sai ya tsaya a kan wani tudu mai tsawo da na ɗauka kunya ce ta tsufa, ya buga sandarsa, ya ce, "Nan ganuwa ta bi." Ya sa ni na duƙa na tona da hannu, sai ga fasassun tukwane. Ya nuna mini kukoki, ya ce duk inda na ga kuka ta taru haka a daji to in yi sallama, mutane sun zauna a wurin. Ya nuna inda ya ji iyayensa suna cewa makabarta ce, ya ce garma ta fara cin gefenta. A raina na ce, ashe ga filin shanunmu.

A gindin wata kuka muka zauna ya ba ni labarin faɗuwar garin. Abin da ke rubuce shi ne, bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 yaƙi ya ɓarke, malaman ƙasar Hausa suka rabu, wasu suka bi Shehu, wasu suka ƙi. Manyan malaman 'Yandoto suna cikin waɗanda suka ƙi. Wajen ƙarshen 1805 zuwa farkon 1806 Muhammadu Bello ya sauka kusa da garin da rundunarsa, ya aika a zo a zauna a yi muƙabala, suka ce ba su zuwa. Aka yi yaƙi, garin ya faɗi, malamai suka watse. Birnin Katsina ma bai daɗe ba ya faɗa hannun masu jihadi a 1807. Daga baya, a cikin wasiƙun da suka gudana tsakanin Sakkwato da Borno, Shehu Muhammadu Al-Kanemi ya zargi mutanen jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa cewa ba da yardarsu aka yi ba, shi da kansa ya bi takardun da iska ke kwasa yana tsincewa. Masana da dama suna ganin 'Yandoto ake nufi. Duk wannan mun same shi ne daga littafin Bello, Infaƙul Maisuri, da ya kammala a 1812.

Dattijon bai musanta ko ɗaya ba, kuma bai zagi kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, su ma malamai ne, da Ƙur'ani a hannunsu. Saɓani ne ya shiga tsakanin malamai, sai takobi ya raba gardama." Nan na tuna da ƙofar Taitus. Bambancin dai shi ne Bello, Allah ya jiƙansa, ya yi adalcin rubuta zargin da aka yi musu tare da amsarsa. Amma hujjar malaman 'Yandoto daga bakinsu, me suka dogara da shi suka ƙi, wannan ba ta iso gare mu a rubuce kamar ta ɗaya ɓangaren ba. Ɗan abin da ya saura yana bakin irin wannan tsoho.

To ga inda na yi wauta. Ya jero mini sunayen malamai, wane ya haifi wane, wane ya nufi gabas, wane ya nufi kudu, da garuruwan da zuriyarsu suka sauka. Ina da rikoda a gida ban zo da ita ba, ko takarda ban fitar ba, ina ta gyaɗa kai ina cewa zan dawo in ɗauka a tsanake. A Rum, saboda na biya kuɗi, har hannuna ya gaji da rubutu. A nan kuwa da yake abin kyauta ne sai na yi masa riƙon sakainar kashi. Na ba shi goro da ɗan na cefane, ya sa mini albarka, na tafi.

Hidimar duniya ta ɗauke ni, bana ta zama baɗi. Daga 2011 zuwa sama kuma matsalar 'yan bindiga ta yi ta ƙaruwa a Zamfara har ta malalo Faskari da Sabuwa da Dandume, hanyar Funtua zuwa Gusau ta zama sai da addu'a, balle a ce mutum ya ratse cikin daji neman kufai. Da na samu wanda zan aika da gaisuwa, amsar da ta dawo ita ce Baba ya riga mu gidan gaskiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A cikin sunayen nan da ya jero mini, ko ɗaya ban riƙe ba.

Idan ɗan jagorana na Rum ya mutu, akwai ɗaruruwan irinsa, duk sun karanta littattafai iri ɗaya, kuma rubutu na nan a jikin dutse. Namu kuwa kowane ɗaya shi kaɗai ne. Dakta Bala Usman ya gane haka, shi ya sa ya bi garuruwa da ƙauyuka yana zama gaban tsofaffi kafin ya rubuta littafinsa, amma shi ma ya rasu tun 2005, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana nan tun 1979, sai dai ba sai mun jira hukuma ba kafin mu gaishe da kakanninmu mu tambaye su.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa, musamman marubutanmu da ɗalibai na Funtua da Malumfashi da Bakori da Kafur da Ɗanja, kowa ya duba kusa da shi. Yanzu kowace aljihu akwai waya mai ɗaukar murya da hoto. Wasu tsofaffin ma rashin tsaro ya koro su cikin gari, suna zaune a unguwanninmu ba mai tambayarsu komai. A je a durƙusa a gaishe su, a tambayi sunan kufan garinsu, da inda ganuwa ta bi, da waɗanda suka zauna a ciki, a ɗauka, a rubuta, a ajiye. Kada a ce sai an dawo, ni ma haka na ce.

Allah ya jiƙan Baba da sauran magabatanmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Sai mun sake saduwa in Allah ya kai mu.